Kwanan daji da keke: tambayoyin da aka fi yi min da amsoshinsu

Tun da mutane suka gane cewa ina ɗaure kaya a keke in fita in kwana a daji, tambayoyi basu daina zuwa ba, kuma kusan iri ɗaya ne, wannan ya tambaya in amsa gobe wani ya sake kawo ta kamar sabuwa. Shi yasa nace bari in zauna in tara su waje guda kowa ya huta. Ni ba gwani bane, na dai kwana a waje sau da yawa, kuma yawancin abin da zan faɗa sai da na sha wahalarsa kafin na gane.

Wai mene ne abin ma tukuna?

Ka ɗaure abin kwanciya da ruwa da ɗan guzuri a kekenka, ka fita da rana ko da yamma, kayi tafiya har ka bar hayaniyar gari, ka nemi wuri ka yada zango inda ba masauki ba ɗaki ba famfo ba komai, ka kwana, da sassafe ka tattara ka dawo. Shi kenan fa. Dare ɗaya ne, ba sai ka nemi hutu a wajen aiki ba. Grant Petersen, wani mai kamfanin kekuna a Amurka, shi ya yayata irin wannan fitar da bata kai awa 24 ba, ka fita bayan an tashi aiki ka dawo kafin a karya.

Kuma ba sabon abu bane kamar yadda wasu suke ɗauka. Wani tela ɗan Ingila mai suna Thomas Hiram Holding ya ɗinka ƙaramin tanti da zai iya ɗaurawa a keke yayi yawo da shi a Ayalan a 1897, a 1901 kuma ya kafa ƙungiyar masu kwanan waje da keke, wadda har yau tana nan da sunan Camping and Caravanning Club.

Sai na sayi keke na musamman?

A'a. Wannan tambayar ita ce ta fi hana mutane fita, suna jiran ranar da zasu mallaki keken da suka gani a hoto. Keken da kake da shi, in dai birkinsa na kamawa, tayoyinsa basu suɗe ba, sarƙarsa bata zamewa kuma sirdin baya cin ka, ya isa dare ɗaya. Thomas Stevens da ya zagaya duniya daga 1884 zuwa 1886 da irin tsohon keken nan mai ƙatuwar taya a gaba ya tafi, ba giya, kuma rigar ruwansa ita ce tantinsa. Kai da zaka je kilomita 25 ka dawo me ya rage maka?

Abin da zai ƙara maka daɗi shi ne taya mai ɗan faɗi, saboda burji da yashi, da giya mai laushi ta hawan tudu. In babu, ka sauka ka tura, ba abin kunya bane, kowa na turawa sai dai ba kowa ke ɗaukar hoton wajen ba.

Nisa nawa ya kamata inyi a fitar farko?

Rabin abin da ka saba yi ba kaya, ko ma ƙasa da haka. Keke mai kaya wata halitta ce daban, yana da nauyin tashi, baya tsayawa da wuri in ka kama birki, a hawa kuma zaka ji kamar wani ya riƙe ka ta baya. Ni a burji da kaya nakan lissafa kilomita 12 zuwa 15 a awa in an haɗa da tsaye-tsaye. Kilomita 20 zuwa 30 sun wadatar a karon farko, kuma ka zaɓi inda in abu ya ɓaci da tsakar dare zaka iya tattarawa ka koma gida ko a zo a ɗauke ka. Fitar farko ba ta nuna bajinta bace, ta gano abin da ka manta ce.

Doka ta yarda mutum ya kwana duk inda ya ga dama?

Nan ne ake samun matsala, domin kowace ƙasa da nata tsarin, wani lokaci ma a ƙasa ɗaya jiha da jiha sun bambanta. A Norwe akwai dokar 1957 da ta ba kowa damar kafa tanti a ƙasar da ba a nomawa, da sharaɗin ka nisanci gidan da ake zaune a ciki da aƙalla mita 150 kuma kada ka wuce dare biyu a wuri ɗaya ba tare da izini ba. Suwidin da Finlan ma suna da irin wannan 'yancin. Sukotlan ta tabbatar da nata a dokar 2003, amma ko a can akwai wasu wurare a gefen tafkin Loch Lomond da sai da takardar izini daga Maris zuwa Satumba. Ka tsallaka Ingila kuma labari ya canza, kusan ko'ina sai mai ƙasa ya yarda, in ban da wasu sassa na yankin Dartmoor a kudu maso yammacin ƙasar, inda sai da magana ta kai kotun ƙoli, ta yanke hukunci a Mayun 2025 cewa jama'a na da damar kwana. A Amurka akwai filayen gwamnatin tarayya masu faɗin gaske da ake barin mutum ya kwana kyauta, galibi har kwana 14. A Jamus kuwa yawancin wurare an hana.

To kaga ba amsa ɗaya. Abin da ya zama ruwan dare shi ne gandun daji da ake karewa, da filin soja, da bakin iyaka, da gona mai shuka, waɗannan ka bar su kawai. Ka bincika dokar wurin kafin ka fita. In ƙasar tana da mai ita kuma zaka iya ganinsa, ka je ka gaishe shi ka tambaya, matambayi baya ɓata, kuma sau da yawa wanda ka tambaya shi zai nuna maka wurin da ya fi wanda ka hango kyau.

Akwai kuma abin da ya fi doka, wato lafiyar yankin. In mutanen wuri suka ce maka kada ka kwana a wajen nan, kada ka tsaya gardama ko ka ce ai taswira ta nuna ba kowa. Taswira bata san wa ke yawo da dare ba.

Ya ake zaɓar wurin kwana?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata a fi yi amma ita aka fi tsallakewa, kowa na ta tambayar tanti. Wuri mai kyau da tamfol ya fi wuri mara kyau da tanti mai tsada nesa ba kusa ba.

Fara dubawa tun kana gida. Ka buɗe hoton tauraron ɗan adam a waya ka sa alama a wuri biyu ko uku, saboda na farko sau da yawa in ka je zaka tarar da shinge, ko ƙaya, ko gangaren da hoto bai nuna ba. Ka isa yankin saura kamar awa ɗaya rana ta faɗi, akwai hasken da zaka ga ƙasa amma ba ka da sauran dogon lokacin da zaka zauna kowa na wucewa yana kallonka. Ni nakan ci abincin dare a wani wuri daban tun da sauran haske, in ƙara gaba kaɗan, sannan in sauka daga hanya lokacin da ba mai gani na, in tura keken in shiga ciki har sai hanya ta ɓace min. In kana iya ganin hanya, mai mota ma zai iya ganinka in fitilarsa ta haska, musamman a kwanar hanya, kuma abubuwan ƙyalli na jikin keke da jaka suna tona asiri tun daga nesa, don haka ka kwantar da keken ka rufe su.

Ka nemi wuri sama da hanya in da hali, mutane sun fi kallon ƙasa da gangare akan su ɗaga kai. Kada ka kwana a busasshen rafi ko kwazazzabo komai laushin yashinsa, wallahi wannan yashin yaudara ne, ana iya yin ruwa a wani wuri mai nisa da ko hadarinsa baka gani ba, ruwan ya gangaro da dare ya same ka kana barci. Can ƙasan kwari ma ba wurin kwana bane domin iska mai sanyi nauyi gare ta, da dare gangarowa take ta taru a ƙasa, ka hau ko da mita kaɗan ne a jikin tudu zaka ji bambanci. Bakin ruwa akwai kyau a hoto amma can sauro yake, can raɓa ta fi sauka, kuma can dabbobi ke zuwa sha.

Ɗaga kai ka duba sama, busasshen reshe na iya faɗowa ba iska ba komai. Sunkuya ka duba ƙasa, ramuka, layin tururuwa, kashin dabbobi, sawun shanu ko na mutane. In wata siririyar hanya ta ratsa wurin to akwai masu bin ta, kuma zasu bi ta da asuba ko kana kai ko baka kai. Na taɓa shimfiɗa a wani fili mai kyau cikin duhu, gari na wayewa sai ga garke ya nufo ni, ashe a tsakiyar hanyarsu na kwanta. Tun daga ranar bana zaɓar wuri da tocila.

Abu na ƙarshe, kafin ka kafa komai ka kwanta a ƙasan na minti ɗaya. Gangaren da ido bai gani ba bayanka zai gaya maka.

Baka jin tsoro?

Ina ji mana. Daren farko kusan ban runtsa ba, duk motsin ganye sai in ce mutum ne, ɓera ɗaya a cikin busasshen ganye ƙararsa kamar ƙato yana tahowa. Abin da na gane daga baya shi ne wanda ya ɓuya a duhu inda ba wanda ya san yana nan, ya fi wanda ya kwana a bakin hanya ko bayan gari kwanciyar hankali, domin matsala yawanci inda mutane ke kai-komo take. Tsoron baya tafiya gaba ɗaya, raguwa yake, wajen dare na uku ko na huɗu kunnenka ya fara rarrabe ƙarar da ta saba da wadda bata saba ba.

Amma akwai tsoron da ake saurara. In ka isa wuri hankalinka bai kwanta ba, ka ga kwalabe da toka da alamar ana taruwa a wajen, ko wani ya bi ka da kallo har ya ga inda ka shiga, tashi ka ƙara gaba. Gajiya zata ce maka zauna kawai, kada ka biye mata.

Tanti ko tamfol?

Ya danganta da sauro da ruwan sama. In akwai ƙwari, tanti mai raga ko gidan sauro a ƙarƙashin tamfol, ba zancen jarumta a nan domin sauro na ɗauke da cuta a wurare da yawa. In ba ƙwari kuma sama garau take, tamfol da igiya sun isa, wani lokaci ma ba abin da nake kafawa, taurari kawai. Ka zaɓi kala mai duhu, kore ko ruwan ƙasa. Kuma dan Allah ka gwada kafa shi a gida sau biyu kafin ka fita, ba a koyon kafa tanti a duhu ana iska.

Wasu na son ragar lilo da ake ɗaurawa tsakanin bishiyoyi biyu. Tana da daɗi in ƙasa ba daidai take ba, sai dai iska na bi ta ƙarƙashinka, bayanka zai yi sanyi ko da daren ba wani sanyi.

Ai da zafi na fita, me zanyi da kayan sanyi?

Haka kowa ke cewa da ƙarfe huɗu na yamma. Sanyin dare yana kaiwa maƙura ne dab da fitowar rana, lokacin jikinka ya huce, ka gaji, abincin da ka ci ya narke. In kuma hawa kayi, duk mita 1000 da ka hau zafi na raguwa da kusan digiri 6.5.

Abin da mutane basu sani ba, ƙasa ta fi iska satar ɗumin jiki. Jakar barci ko bargo in ka kwanta a kai ya danne, ɓangaren da ke ƙarƙashinka baya riƙe ɗumi, saboda haka siririyar katifar nan ta soso ko ta hurawa ba don laushi kawai ake ɗaukarta ba. Ta soso bata fashewa, ta hurawa ta fi daɗi amma ƙaya ɗaya ta gama da ita. In zaka sayi jakar barci zaka ga lambobin digiri har uku a jiki, ka duba na jin daɗi, wancan mafi ƙanƙantar lambar ma'anarta ba zaka mutu ba ne kawai, ba wai zaka yi barci ba.

Sannan kada ka kwanta da rigar da kayi zufa a ciki. Ka ajiye riga ɗaya da safa ɗaya busassu a leda, na barci ne kawai, komai ruwan da ya dake ka a hanya kada ka taɓa su. Hula ma na taimakawa sosai.

Ya zan ɗaure kayan?

Mai nauyi ƙasa kuma tsakiya, mara nauyi mai cika wuri gaba ko baya. Ruwa da kayan gyara a cikin kusurwar nan ta tsakiyar keke, jakar barci da tanti a ƙarƙashin kan keke ko a kariya. In kana da kariya da igiyar roba ko tsohon tub da aka yanka, ka gama, ba sai ka sayi jakunkunan nan na yayi ba. Jakar goyo kuwa in ta zama dole to ka sa mata marasa nauyi, domin duk abin da ke bayanka a sirdi yake sauka, bayan awa biyu zaka gane.

Duk igiyar da ke lilo ka naɗe ta, in ta shiga taya a gangare ba ƙaramin hatsari bane. Ka duba kaya basu danne wayar birki ba. Bayan ka gama ɗaurewa ka zagaya unguwa, ka bi ta kan gargada da gangan, abin da zai faɗo gara ya faɗo a ƙofar gida.

Game da yawan kaya, kowa na wuce gona da iri a farko. Dabarar da ta yi min aiki ita ce in na dawo sai in zazzage komai in ware abin da ban taɓa ba, in ya kai fita biyu ban taɓa shi ba ya zauna a gida. Ban da kayan faci da na agajin gaggawa da rigar ruwa, su ko shekara suka yi ba a taɓa ba suna nan.

Ruwa nawa?

Fiye da yadda kake zato, kuma shi ne kaya mafi nauyi, lita ɗaya kilo ɗaya. Banda wanda zaka sha a hanya, ni bana isa wurin kwana da ƙasa da lita 2, na sha da dare da girki da na safe har in kai inda zan ƙara. In ana zafi sai a ninka. Dabarar ita ce ka san wuri na ƙarshe da zaka cika gora kafin ka sauka daga hanya, ba sai ka ɗauko duka tun daga gida ba.

Ruwan rafi komai haskensa kada ka sha haka nan. Tafasawa ta fi komai tabbas, in ya tafasa sosai ka bar shi minti 1, in kana saman dutse sama da mita 2000 ka bar shi minti 3 domin a can ruwa na tafasa kafin yayi zafin da ya saba. Akwai ƙwayar tsarkake ruwa, yawanci sai ka jira kamar rabin awa. Akwai ƙananan matatai masu kyau, suna tare ƙwayoyin bakteriya amma galibinsu basa tare bairos, kuma ba ruwansu da guba. Ruwan da ya biyo ta gonar da ake feshi ko ta wajen haƙar ma'adinai ko tafasawa bata gyara shi.

Sai na yi girki? Zan iya hura wuta?

Dare ɗaya ba dole sai da risho ba, abincin da aka dafa a gida wanda baya saurin lalacewa ya isa. Sai dai abu mai zafi da safe yana gyara rai, wannan gaskiya ne, shi yasa nake ɗaukar ƙaramin risho na gas. Kada ka kunna shi a cikin tanti a rufe ko ana ruwa, hayaƙin da ke kisa bashi da wari bashi da kala, kuma yadin tanti cin wuta yake kamar leda.

A hanya ka riƙa ɗan ci kaɗan kaɗan tun kafin yunwa ta zo. Kuzarin da jiki ya tara yana ƙarewa cikin awa ɗaya da rabi zuwa biyu na tuƙi mai ƙarfi, in ya ƙare kuwa ƙafa zata mutu, kai ya ɗau jiri, ƙaramin tudu ya zama dutse.

Wuta kuma ni ra'ayina a bar ta. Tana sanar da kowa inda kake, tana barin tabo a ƙasa, kuma tartsatsi ɗaya a busasshiyar ciyawa ya isa ya cinye daji da gonakin mutane. Ko a Norwe da suke da sakin fuska an hana hura wuta a daji ko kusa da shi daga 15 ga Afrilu zuwa 15 ga Satumba.

Yi haƙuri, bayan gida fa?

Ba abin haƙuri, kowa na son ya tambaya kunya ke hana shi. Ka nisanci ruwa da hanya da wurin kwana da kamar mita 60, ka tona rami mai zurfin santimita 15 zuwa 20, ka gama ka rufe. Zurfin nan ba a banza aka faɗe shi ba, a saman ƙasa ne ƙwayoyin da ke ruɓar da abu suke. Tishu mai jiƙa ba ya ruɓewa, a leda zaka sa shi ka fita da shi. Ka wanke hannu da sabulu nesa da rafi, wani lokaci ciwon cikin da ake ɗora wa ruwa daga hannu yake.

Haka sauran shara, har ɓawon 'ya'yan itace. In ka tashi ka waiwaya, in ban da ciyawar da ta kwanta kada a ga komai. Wasu wuraren da aka hana kwana, ƙazantar waɗanda suka riga ka ce ta jawo.

Wane kayan gyara zan ɗauka?

Tub ɗaya ko biyu, faci da sholisho, abin cire taya, famfo, sifana ko makullan da suka dace da notunan kekenka, ɗan haɗin sarƙa, salatif mai ƙarfi da 'yan igiyoyin roba masu zargewa. Ka buɗe sholishon ka duba kafin ka fita, in an taɓa buɗe shi yakan bushe a ciki baka sani ba. Kuma kaya ba su da amfani in baka iya ba, ka cire tayar baya ka mayar a gida ko sau ɗaya ne. In ka yi faci ka shafa cikin tayar da yatsa a hankali ka nemo ƙayar, in ba haka ba sabon tub ɗin ma zai bi sahu.

In ba sabis fa? Caji fa?

GPS na waya baya buƙatar sabis, taswirar ce ke buƙata, don haka ka sauke ta tun a gida. Manhajojin taswira irin su OsmAnd da Organic Maps suna aiki ba intanet, Google Maps ma na bari a sauke yanki. Ka sa wayar a yanayin jirgin sama, neman sabis a inda babu shi ne ke shanye batir. Fawa bank mai mAh 10,000 ya ishi dare ɗaya har da saura. Fitilar goshi daban, kada ka dogara da tocilar waya, kuma fitilun keke gaba da baya ko baka yi niyyar tafiyar dare ba.

Mafi muhimmanci, mutum ɗaya a gida ya san hanyar da zaka bi, da yankin da zaka kwana, da lokacin da in bai ji ka ba zai fara nema. Hotuna kuma ka bari sai ka dawo ka saka, ba kana kwance a wurin kana sanar da duniya ba.

In hadari ya taso?

Ruwa kaɗai ba komai bane in kayan barcinka na cikin leda. Tsawa ce abin tsoro. In ka ga walƙiya ka ƙirga daƙiƙa har ka ji ƙarar, duk daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ne, kuma in dai kana jin ƙarar to tana iya kaiwa gare ka. Tanti baya karewa, tayar keke ma bata karewa, wannan zancen roba tatsuniya ce. Ka sauka daga kan tudu, ka bar fili, ka bar bishiyar da ke tsaye ita kaɗai, ka ajiye keken nesa da kai. Gini ko mota a rufe su ne mafaka ta gaske. In hasashen yanayi ya nuna tsawa tun kafin ka fita, ɗaga tafiyar kawai, daji ba inda zai je.

Macizai da sauran dabbobi?

Yawancinsu sun fi ka son a rabu lafiya. Ka zuge tanti ko da minti ɗaya zaka fita, ka zazzage takalmi da safe kafin ka sa ƙafa saboda kunama, kada ka sa hannu a rami ko ƙarƙashin dutse, da dare kuma ba tafiya ba fitila. Abinci a rufe kuma ba a inda kake kwance ba, a ƙasashen da ke da babbar dabbar dajin nan beyar ma doka ce a wasu wuraren. In ka bi ta doguwar ciyawa ka duba jikinka saboda kaska, a cire ta da hantsaki daga dab da fata a ja a hankali.

In tsautsayi ya sa maciji ya sari mutum, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure wurin tamau. A cire zobe ko agogo, a hana gaɓar motsi, a nemi asibiti da gaggawa, kuma ba shi zai tuƙa keken ba.

Gaskiya dai dabbar da ta fi damun mai keke kare ne. In ya biyo ka kuma ba zaka tsere masa ba, sauka ka sa keken tsakaninku ka ja da baya a hankali, yawanci in feda ta daina juyawa shi ma sha'awarsa ta ƙare.

In wani ya same ni a wurin fa?

Ka riga shi gaisuwa, ka fito fili ya ga fuskarka da hannunka, ka gaya masa matafiyi ne kai dare ya yi maka kuma da safe zaka wuce. Ka tuna shi ma tsoronka yake ji, shi ne ya tarar da baƙo a inda bai saba gani ba. Keke na taimakawa a nan, mutum na ganinsa da kaya ya gane labarin. In ya ce ka tashi, ka tashi ba musu ko kana ganin kana da gaskiya.

Ni kaɗai ko da aboki? Mace zata iya?

Karon farko da aboki ya fi, tsoro na raguwa kuma ku raba kaya, famfo ɗaya risho ɗaya. Amma kada ku wuce biyu ko uku, taro baya ɓuya kuma baya shiru. Ku daidaita tun a gida cewa tafiyar da saurin mai rauni za a yi ta.

Mata da yawa na yi, wasu ma sun ratsa nahiyoyi su kaɗai. Shawarar da na fi ji daga bakinsu ita ce kada ki gaya wa wanda kika haɗu da shi a hanya inda zaki kwana ko cewa ke kaɗai ce, kuma in hankalinki bai kwanta da wuri ko da mutum ba ki bar wajen, ba sai kin nemo dalili ba.

Ba za a sace keken ina barci ba?

In ka ɓuya da kyau da wuya. Duk da haka nakan kwantar da shi dab da kaina in zarga igiya daga taya zuwa tanti, ko in ɗaure hular kwano a cikin taya yadda ba zai gungura shiru ba. Inda aka fi ɗauke keke shi ne ƙofar shago lokacin da ka shiga sayen ruwa, can ne ƙaramin kwaɗo ke da rana.

Da safe sai me?

Ka tashi da hasken farko ko barcin bai ishe ka ba, dama a daren farko ba zai ishe ka ba. Tantin zaka tarar ya jiƙe ta ciki ko ba a yi ruwa ba, numfashinka ne da raɓa, kada ka zauna jiran ya bushe, karkaɗe shi ka naɗe, in rana ta ɗaga ka tsaya a hanya ka shanya minti goma ko ka bari sai gida. Amma a gidan kada ka manta da shi a jaka, kwana biyu ya isa ya fara wari da fumfuna. Ka matsa tayoyi ka ji ko wata ta sace da dare, ka gwada birki, ka zagaya wurin sau ɗaya kana kallon ƙasa domin turakun tanti da fitila a nan ake barinsu. Ni nakan bar karyawa sai na yi kamar kilomita biyar na samu inda rana ke bugawa, sannan in zauna in ɗora ruwa.